Sarkin Musulmi Bello da Masu Ba Da Labarinsa

Alƙali ba ya yanke shari'a da jin bakin mutum guda. Ko mai ƙara malami ne, ko ɗan sarki ne, sai an kirawo wanda a ke ƙara, an nemi shaidu, an tambayi kowane mai shaida inda ya ke tsaye sa'ad da abin ya auku, da abin da ke tsakaninsa da masu shari'ar. Wannan kowa ya san shi, har wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Amma abin mamaki, mutum ya kan wahala ya koyi karatu, ran da ya buɗe littafin tarihi sai ya ajiye wannan hankali a bakin ƙofa. In ka yi masa gardama ya ce maka, ai a rubuce ya ke. Littafi kuwa mutum ne ya rubuta shi, mai uwa da uba, mai ubangida, mai masoya da maƙiya.

Don mu gane wannan sosai, bari mu ɗauki sarki guda wanda babu ɗan ƙasar nan da bai san sunansa ba, watau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mu kirawo waɗanda suka rubuta labarinsa ɗaya ɗaya, mu auna maganarsu.

Ga zamaninsa a taƙaice. An haifi Bello cikin 1781, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Yana saurayi ɗan shekara wajen 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804, aka fara jihadi. Yana cikin manyan da suka ja rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, cikin 1808. Cikin 1809 ya kafa birnin Sakkwato. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 20 yana sarauta, ya rasu a Wurno cikin 1837, can kuwa kabarinsa ya ke. Wannan babu gardama a kansa. Inda a ke bukatar awo shi ne wajen sanin irin mutumin da ya ke, da dalilin yaƙe-yaƙensa, da yadda mutane suka ji da mulkinsa.

Bello da bakinsa

Shaida na farko shi ne Bello da kansa. Cikin 1812, tun Shehu na da rai yana zaune a Sifawa, ya gama wani babban littafi da Larabci, sunansa Infaƙul Maisuri. Ya fara da bayanin ƙasashe, su Barno da Ahir da ƙasar Hausa da Sanwai, da malaman da aka yi a cikinsu. Daga nan ya shiga labarin mahaifinsa da yadda ya ke wa'azi, sa'an nan ya bi yaƙoƙin jihadi ɗaya bayan ɗaya. Yawancin abin da a ke karantarwa a makarantu game da jihadi daga wannan rijiya aka ɗebo shi, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Littafin yana da kyau ta hanya uku. Na ɗaya, mai shi ya ga abin da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Na biyu, bai ɓoye ranakun da aka sha kashi ba. Ya ba da labarin nasarar Tabkin Kwatto, ya kuma ba da labarin Tsuntsuwa, inda aka kashe jama'ar Shehu wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200, da labarin Alwasa inda aka sake yin babbar hasara cikin 1805. Maroƙi ba ya ambaton irin waɗannan ranaku. Na uku, shi ne ya fi duka, ya bar abokin gardamarsa ya yi magana a cikin littafinsa.

Abokin gardamar nan shi ne Shehu Muhammadu Laminu na Barno, wanda a ke kira Alkanemi. Da yaƙi ya kai ƙasarsu, ya rubuto takardu yana tambayar hujjar da ta sa a ke yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Ya yarda akwai cin hanci, da cin dukiyar marayu, da waɗansu al'adu marasa kyau, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fid da mutum daga Musulunci, har Masar ma ba a rasa irinsu. Bello ya amsa da cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, kuma a na yanke-yanke ga duwatsu da itatuwa. Da ya so, da sai ya rubuta amsarsa kaɗai, ya ce Barno ba su da ta cewa. Bai yi haka ba. Ya kwafe takardun, hujjar da ta fi kowace nauyi a kansa ta zauna cikin littafinsa, har yau mai karatu na iya duba ta ya yi nasa hukunci.

To, amma fa a lura. Bello ya rubuta Infaƙu takobi bai koma kube ba, ya rubuta shi kuwa don ya nuna jihadi na kan hanya. Shi ne mai ƙara, shi ne magatakarda. Saboda haka Sarkin Gobir Yunfa ba ya fitowa cikin littafin sai ta fuskar gaba, ba mu jin abin da ya tsorata shi, ko abin da fadawansa suka faɗa masa. Har wa yau, inda Bello ya ke ba da labarin zamanin da, ji ya yi, bai gani ba. Ya kawo labarin cewa sarakunan Hausa bakwai sun fito daga wani bawan Sarkin Barno mai suna Bawo, ban da Gobirawa, waɗanda ya ce 'ya'ya ne, asalinsu Kibɗawan Masar. Mutanen Daura kuwa sun riƙe cewa Bawo ɗan Bayajida ne. Mai karatu ya kamata ya raba tsakanin wurin da Bello ke cewa ya gani da wurin da ya ke cewa an gaya masa. Wanda ya haɗa su ya ba su nauyi ɗaya, shi ya yi kuskure.

Akwai wani ɗan littafi nasa wanda ya fi Infaƙu nuna halinsa, sunansa Sardul Kalami. Labarin Malam Abdussalami ne, Ba'are, almajirin Shehu tun farko, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana na cikin abin da ya tā da jihadi. Bayan nasara aka zaunad da shi a Kware, arewa da Sakkwato. Ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba, ya ga kuma waɗansu manya sun bar abin da aka fito dominsa. Da Shehu ya rasu ya yi tawaye. Aka yi ta aike-aike, abin ya ƙi, aka ci Kware da yaƙi a farkon 1818, ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Wannan labari ne mai zafi, na jini tsakanin 'yan makaranta guda. Duk da haka Bello ya sa takardun Abdussalami cikin littafin, da ƙorafinsa game da rabon ƙasa da zaluncin masu iko. Ya yi haka ne don ya rushe hujjojin, amma sai ya adana mana su. Ba don shi ba, da ba mu san kukan mutumin Kware ba sai dai a ce ɗan tawaye ne kurum.

Masoya

Shaida na biyu mutanen gida ne. Babbansu Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, abokin Bello tun ƙuruciya, wazirinsa, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Bayan rasuwar Bello ya rubuta littafi a kan halayensa, Alkashfu wal Bayan, kamar yadda ya rubuta Raulul Jinani a kan Shehu. Ita ma Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta marsiyya, ta kuma yi waƙa da Fulatanci a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Sai kuma Alhaji Sa'idu, almajirin Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna Sakkwato ya rubuta tarihin sarakunanta na farko. Shi ne ya ƙidaya wa Bello yaƙi 47, shi ne kuma ya ba da labarin cewa daga guminsa ya ke ci, ba ya taɓa baitulmali don kansa.

Waɗannan sun san Bello cikin gida, sun san abin da baƙo ba ya sani. Amma so hana ganin laifi. Kuma irin littafin da Giɗaɗo ya rubuta yana da tasa ƙa'ida: an yi shi ne don a tara kyawawan halaye da karamomi, na baya su yi koyi. Wanda ya nemi kurakuran sarki a cikinsa ya je kasuwar hatsi neman takobi. Amfaninsa shi ne ya nuna mana irin sarkin da mutanen Sakkwato suka ɗauka sarki na gari ne, da ma'aunin da su ke auna masu mulki da shi. Wannan ma ilmi ne babba.

Cikin gidan nan kuwa akwai murya guda da ta bambanta, ta Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu. Tun cikin 1807 ransa ya ɓaci da son duniya da ya ga ya shiga jama'a, har ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsai da shi. Cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati ya yi kuka da masu neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai. Da Shehu ya rasu aka naɗa Bello, tsakaninsu ya yi sanyi, sai a yaƙin Kalambaina, da Bello ya kawo masa gudummawa, suka daidaita. Duk mai karanta Infaƙu ya kamata ya ajiye Tazyinu kusa da shi, gama yaƙi guda su ke ba da labari, amma zuciyarsu ba guda ba ce.

Baƙo

Shaida na uku Bature ne, Kyaftin Kilafaton, wanda a ƙasar Hausa ya ke amsa sunan Abdullahi. Ya iso Sakkwato cikin Maris 1824, ya sauka hannun Giɗaɗo. Ba ya bin Bello bashi, ba ya cin abincinsa na sarauta, saboda haka shaidarsa na da daraja. Daga gare shi muka san kamannin Bello, mutum mai kwarjini, sanye da riga shuɗiya da farin rawani. Daga gare shi muka ji ganuwar Sakkwato na da ƙofa 12, a na rufe su da faɗuwar rana, ya kuma ce bai ga garin da ya kai shi yawan mutane ba cikin duk inda ya bi a tsakiyar Afirka. Ya faɗi yadda Bello ya yi masa tambayoyi game da ƙungiyoyin Nasara na da, har shi Baturen ya rasa amsa. Sun yi magana a kan hana sayar da bayi ga jiragen teku, Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila takarda yana neman a aiko masa da wakili da likita.

Ya komo cikin 1826. Wannan karo ya kawo wa Bello littafin lissafi na Uƙlidisu da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, ya ce da suna da shi a gidansu, gobara ta cinye. Amma zuwan bai yi daɗi ba. Ya tarar a na yaƙi da Barno, shi kuwa yana ɗauke da takarda da kaya zuwa ga Alkanemi. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe takardar. Kilafaton ya ji haushi, ga ciwo na cinsa, har ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. In ka karanta labarin zuwansa na fari, ka karanta na biyu, sai ka ce sarki biyu ya gani. Sarki kuwa ɗaya ne, zuciyar baƙon ce ta sāke. Ya kuma bi rundunar Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafa, ya ga an kāsa cin garin, ya yi wa yaƙin ba'a don bai yi kama da na Turai ba. Abin da ya gani da ido, kamar tufafi da ganuwa da kasuwa, a karɓa. Abin da ya fassara na nufin mutane, a yi hattara, gama ba ya jin Hausa sosai, balle Fulatanci.

Wani sarki a Ingila

Kada mai karatu ya zaci wannan wahala ta tarihinmu ce kaɗai. Ingilishi suna da wani sarki na zamanin da, Alfared, wanda ya yi mulkin ƙasar Wesekis, a kudancin Ingila, daga 871 zuwa 899, watau shekara wajen 950 kafin Bello. Sun yi kama ta hanyoyi da dama. Alfared ya sha yaƙi da mayaƙan Danmak, har cikin 878 suka kore shi ya ɓuya cikin fadama, sa'an nan ya fito ya ci su cikin shekarar nan. Ya gina garuruwa masu ganuwa wajen 30 don tsaron ƙasa, kamar yadda Bello ya kafa ribaɗi irin su Wurno a bakin iyaka. Ya ga ilmi ya lalace, ya tara malamai, ya juya littattafai daga Latin zuwa harshen mutanensa.

Labarinsa kuwa daga ina aka samo shi? Daga wani malamin fadarsa, Asar, wanda ya rubuta tarihinsa cikin 893, sarki na da rai, da kuma wani littafin shekaru da aka fara tarawa a zamaninsa. Watau shi ma masoya ne suka ba da shaida. Littafin shekarun nan ya ambaci wani sarkin maƙwabta, Celwulfu na Marsiya, da raini, kamar wawan bara ne da mutanen Danmak suka ɗora. Haka aka riƙa karantawa shekaru aru-aru. Sai masana suka lura da waɗansu kuɗin azurfa na zamanin, cikin 2015 kuma aka tono wajen 200 a wata gona, waɗansunsu ɗauke da sūrar sarki biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, an buga su da sunan Alfared, an buga da sunan Celwulfu. Ashe abokan ƙawance ne, marubutan fada suka shafe wannan.

Akwai kuma labarin da kowane yaro a Ingila ya sani, wai Alfared na ɓoye a bukkar wata mace, ta bar masa tsaron gurasa a wuta, ya bari ta ƙone, ta yi masa faɗa ba ta san sarki ba ne. Wannan ba ya cikin abin da Asar ya rubuta. Ya ɓullo ne shekara wajen 100 bayan mutuwar sarkin, wani babban limamin kirista ya cusa shi cikin littafin Asar sa'ad da ya buga shi cikin 1574. Tsohon kwafe guda da ya rage na littafin kuwa ya ƙone a gobara cikin 1731. Duk da haka Ingilishi ba su jefad da Alfared ba. Sun tankaɗe labarin, suka fid da tsakuwa, abin da ya rage ya isa a kira shi babban sarki.

Waɗanda ba a kira ba

Mu komo gida. Mun ji Bello, mun ji masoyansa, mun ji baƙo. Saura wa? Saura waɗanda aka ci da yaƙi. Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan Gawakuke, da Katsinawan Maraɗi, da Kabawan Argungu, da Zamfarawa, duk suna da nasu labari, yawancinsa a bakin makaɗa da tsofaffi ya zauna. A wurinsu mutanen da littattafan Sakkwato ke kira 'yan tawaye jarumawa ne da suka ƙi ba da ƙasar kakanninsu. Saura kuma talaka da aka ɗebe shi daga garinsu aka kai shi ribaɗi, da Bafillatanin daji da aka ce ya rage yawo ya zauna cikin gari, da bawan da aka kamo a yaƙi aka sa shi rinji yana noma. Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji littafin Usulus Siyasa, ya hore shi ya kula da masu sana'a da manoma da 'yan kasuwa, ya gyara ganuwa da hanyoyi da kasuwanni. Wannan ya nuna mana abin da sarki ya nufa. Yadda abin ya sauka a kan talaka kuwa, wannan shaida ce da ba a rubuta da yawa ba, don masu ita ba su da alƙalami.

To, mene ne hukunci? In an haɗa shaidun nan, an cire yabon masoyi da haushin baƙo, abin da ya tsaya shi ne Bello malami ne na gaske, mai son sanin kowane fanni, tun daga shari'a har magani da lissafi. Ya karɓi ƙasa tana rawa cikin 1817, ya bar ta a kafe cikin 1837. Ya tsaya kuma cewa mulkinsa na yaƙi ne kusan kowace shekara, ya yi tsanani ga wanda ya fita daga biyayya, ko da almajirin mahaifinsa ne. Wajen rubutu kuwa ya fi Alfared da abu guda: marubutan Wesekis sun binne maganar maƙwabcinsu sai da ƙasa ta tona, Bello ya ɗauki maganar Alkanemi da ta Abdussalami ya sa cikin littattafansa da hannunsa. Mutumin da ya yi haka ba ya bukatar a kāre shi da ɓoye-ɓoye, wanda kuma ya karanta shi da tambaya bai yi masa rashin ladabi ba.

Aikin tankaɗe ya riga ya fara. Waziri Junaidu, jikan gidan Giɗaɗo, wanda ya rasu cikin 1997, ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa don wanda ba ya jin Larabci ya samu, ya kuma buɗe taskar littattafansa ga masu bincike. Da taimakonta ne wani Bature, Mare Las, ya fid da littafinsa a kan daular Sakkwato cikin 1967, wanda ya dogara ga takardun mutanen ƙasa. A Sakkwato akwai gidan adana tarihi mai sunan Wazirin, inda a ke tara tsofaffin takardu.

Saura naku, ku da kuka koyi karatu da rubutu da girmanku. In littafin tarihi ya zo hannunku, ku yi masa tambayoyin alƙali: wa ya rubuta, yaushe, yana wurin ko ji ya yi, wane ne ubangidansa, wa kuma aka hana magana. In akwai tsohuwar takarda a gafakar gidanku, ku tsare ta daga gara da ɗigon ruwa da wuta, ku nuna wa masana su ɗauki hotonta, ku tuna da littafin Asar da na Uƙlidisu. In kuwa akwai tsoho a unguwarku da ya gāji labarin Alƙalawa, ko Kware, ko yadda kakanninsa suka zo Wurno, ku sami takarda ku zauna gabansa, ku rubuta yadda ya faɗa, da sunan wanda ya gaya masa, da ranar da kuka rubuta.